Batir biyu da suka mutu kafin lokacinsu: nazarin wutar sola a wani gida a Gombe

Gidan yana Tumfure ne, a bakin garin Gombe ta hanyar Bauchi. Maigidan malamin sakandare ne, uwargida kuma tana sayar da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya daga cikin gida. Sun saka sola a ƙarshen 2023, watanni kaɗan bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu na shekarar, lokacin da litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Janaretan da ke riƙe da firizar Hajiya ya koma cin ribar sana'ar gaba ɗaya, sai suka haɗa abin da ke hannunsu da kuɗin adashi suka kira mai haɗa sola.

Abin da aka haɗa musu irin wanda ake gani a gidaje da yawa ne: fanel huɗu masu wat 300 kowanne, batir biyu na ruwa masu tsayin nan, kowanne bolt 12 da amfiya 200, inbata mai bolt 24 da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida, sai ƙaramar kwanturolar caji irin ta PWM, wato na'urar da ke daidaita wutar da fanel ke zuba wa batir. A watannin farko fanka na kai su har asuba. Kafin shekara ta zagayo inbata ta fara kuka da ƙarfe biyun dare. Lokacin da aka kira ni, a watan Fabrairun 2025, ana saura 'yan makonni a kama azumi, ko sha ɗayan dare wutar ba ta kaiwa.

Maigidan ya riga ya yanke hukuncinsa kafin in iso. "Injiniya, jabun batir aka sayar mana," in ji shi. "Abin da nake so ka gaya mini kawai shi ne, in sake sayen irinsa ne, ko in ci bashi in sayi litiyom ɗin nan da ake magana, ko kuwa in haƙura da batir ɗin gaba ɗaya." Na ce masa, "Malam, a ara mini tsani tukuna. Sai na ga kan kwano kafin in ce komai a kan batir."

Abin da ke kan kwano

Da tsakar rana fanel huɗu irin waɗannan, idan lafiyarsu ƙalau, ya kamata su turo abin da ya kusa amfiya 30. Kwanturola tana nuna 12. Dalilan suna nan a fili ga duk wanda ya hau.

Tun da aka ɗora su ba a taɓa wanke su ba, ruwan damina kawai ke yi musu wanka, kuma rabon Gombe da ruwan sama tun Oktoba. Ƙurar hunturu ta kwanta a kan gilashin har mutum zai iya rubutu da yatsa, ga kashin tantabaru ya bushe a gefen biyu daga ciki. Ƙura tana rage haske ko'ina daidai wa daida, amma kashin tsuntsu ya fi ta illa, domin yana rufe ƙwayar fanel guda ɗaya ruf, ita kuma wannan ƙwayar sai ta riƙa ɗaukar zafi tana tare wa 'yan uwanta hanya. Da muka wanke su da ruwa da tsumma mai laushi, nan take allon ya haura amfiya 17.

Sai na bi wayoyin. A bayan fanel na uku ba a yi amfani da mahaɗin roba da ake kira MC4 ba. An fere waya biyu ne aka murɗe su aka naɗe da baƙin salatif. Rana ta narkar da salatif ɗin, ruwan damina ya shiga, tagullar ta yi kore, daga baya wurin ya ƙone ya rabu. Wannan fanel ɗin ba ya ba gidan ko wat ɗaya, kuma babu wanda ya sani, saboda sauran ukun suna aiki kuma fitilar kwanturola tana nan kore. Na ji tsoron wannan wurin fiye da komai a gidan. Wutar fanel ba irin ta NEPA ba ce mai kai da komowa, idan ta fara tartsatsi a mahaɗin da ya saki ba ta saurin mutuwa da kanta, ga shi kuma katakon rufi ne a ƙasa.

Akwai kuma yadda aka shimfiɗa su. An manna su ne a jikin kwano babu ratar da iska za ta bi. Wat 300 da aka rubuta a bayan fanel an auna shi ne a zafin digiri 25, kuma duk digiri ɗaya da ya ƙaru yana zaftare wajen kashi 0.4 cikin ɗari. Fanel da ke kwance a kan kwano a watan Maris ko Afrilu a Gombe yana iya kai digiri 65, wato wajen kashi 16 cikin ɗari ya tafi tun kafin a yi maganar ƙura. Mutane da yawa sun ɗauka tsananin zafin rana shi ke ƙara wuta. Haske fanel yake so, zafi cutar da shi yake yi. Ɓangaren rufin da aka zaɓa kuma arewa yake kallo, don ya fi sauƙin hawa. Gombe tana wajen digiri 10 ne arewa da tsakiyar duniya, saboda haka a watannin Disamba da Janairu rana tana karkata kudu sosai, fanel ɗin sai ya zama ya juya mata baya. Daga ƙarfe biyun rana kuma inuwar tankin ruwa tana faɗowa a kan na ƙarshe. Wayar da ta sauko zuwa kwanturola siririya ce irin ta soket ɗin ɗaki, in ka riƙe ta da rana za ka ji ɗuminta, wannan ɗumin kuwa wutar gidan ce ke zubewa a hanya.

Ɗakin batir

An ajiye batiran a sito, ɗaki marar taga da silin, kusa da buhunan masara. Da na buɗe murafun, ruwan wasu ramukan ya ja ƙasa har saman farantan ya bayyana ya yi fari. Babban ɗan gidan ya ce yakan ƙara musu ruwa in ya tuna, da ruwan leda. Ba laifinsa ba ne, babu wanda ya gaya masa cewa batir ba ya shan kowane ruwa sai tataccen nan da ake sayarwa da sunan ruwan batir, domin gishirin da ke cikin ruwan sha yana lalata farantan a hankali. Ɗaya batirin ya nuna bolt 12.1, ɗayan 10.6, alamar rami guda a cikinsa ya mutu. Zafin ɗakin ma ya yi nasa aikin: batirin ruwa rayuwarsa tana raguwa da kusan rabi a duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 sama da 25. Sannan idan yana caji yana fitar da iskar haidirojin mai kama wuta, don haka rufaffen ɗaki ba wurinsa ba ne.

Duk da haka, ba ruwan leda ko zafi ne suka fi kashe su ba. Mun zauna a tsakar gida da Malam da Hajiya muka lissafa abin da ke kunne daga magariba zuwa wayewar gari, da yunit irin wanda suka saba saye a mita. Fankar sama uku, kowacce wat 75, awa goma, yunit 2.25. Firiza, wadda ke tashi tana hutawa, wajen yunit 1.2. Ƙwayayen fitila 0.4, talabijin da dikoda 0.4. Ita kanta inbata, ko babu abin da aka kunna, tana cin wajen wat 40, wanda ya kusa rabin yunit a dare ɗaya. Jimilla yunit 4.75.

Batir biyu masu amfiya 200 a kan bolt 24 suna ɗaukar yunit 4.8 a takarda. Amma ƙa'idar batirin ruwa ita ce kada a sha fiye da rabinsa, wato yunit 2.4 ne halalin gidan a kowane dare. Suna shan ninkin haka tun daren farko. Kukan da inbata ke yi ba gargaɗin cewa batir ya kusa rabi ba ne, sanarwa ce cewa an riga an tatse shi. Da gari ya waye kuma, fanel ukun da ke ƙarƙashin ƙura ba sa tara ko yunit biyu a yini, kuma firiza da fankar rana suna cinye mafi yawansa kafin ya isa batir. Randa ce ake ɗiba da bokiti ana mayar mata da moɗa.

Malam ya yi tambayar da ta dace: to me ya sa abin ya yi aiki da farko? Amsar ita ce wutar NEPA ce ke rufa wa haɗin asiri. Duk sa'ad da aka kawo wuta, inbata tana cika batiran, sai a ga kamar sola ce ta yi. A watan Afrilun 2024 ɓata-gari suka kayar da turakun babban layin da ke kawo wuta daga Jos zuwa Gombe, yankin ya daɗe babu wutar kirki. A ƙarshen Oktoban shekarar kuma yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda a duhu. A waɗannan lokutan batiran sun yi ta kwana suna wuni ba su cika ba. Batirin ruwa in ya daɗe a haka, wani farin gishiri yakan daskare a jikin farantansa, kuma in ya yi tauri caji ba ya narkar da shi. Hajiya ce ta tuna cewa bayan duhun Oktoba ne wutar ta daina kai su tsakar dare. Ban ga alamar jabu a batiran ba. Da sabbi fil aka kawo daga kowane kamfani aka ɗora su a wannan haɗin, haka za su ƙare.

Ko batir ya cancanci kuɗinsa

A Jamus ko Ostareliya mai sola yana tura rarar wutarsa cikin layin gari a biya shi, da dare kuma ya jawo daga layin, shi ya sa a can ake doguwar muhawara a kan ko batir na mayar da kuɗinsa. Mai gida a Tumfure ba shi da wannan zaɓin. Abin da zai kwatanta batir da shi janareta ne, ko kuma kwana cikin zafin Afrilu babu fanka da yara ƙanana da sauro.

Ga lissafin da na yi musu. Ƙaramin janareta yana fitar da yunit ɗaya zuwa biyu ne daga litar fetur, kuma in fanka da fitila kawai yake ja ya fi kusa da ɗaya. A ƙarshen 2024 lita ta haura naira 1,000. Ke nan a lokacin yunit ɗin janareta yana tsakanin naira 500 da 1,000, ban da baƙin mai da gyara. Wutar layi mafi tsada, ta rukunin Band A da aka ƙara wa kuɗi a Afrilun 2024, naira 200 da 'yan kai ce a lokacin. Shi kuwa batir, hanyar sanin tsadarsa ita ce a raba kuɗin sayensa da yawan yunit da zai bayar kafin ya mutu. Masu ƙera batirin ruwa mai tsayi sukan ce zai yi zagaye 1,200 zuwa 1,500, wato a sha a sake cikawa, in ana tsayawa a rabi. Yunit 2.4 sau 1,200 ya kusa yunit 2,900, a wuri mai sanyi da kulawa. A sito irin na gidan nan, ana tatse shi kullum, ko rabin haka ba zai bayar ba, kuma kowane yunit ya ninka tsada ke nan. Litiyom irin na LiFePO4 mai bolt 25.6 da amfiya 100 yana ɗaukar yunit 2.56, ana iya shan kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari, wato kusan daidai da abin da batiran ruwa biyu ke bayarwa, kuma masu ƙera shi suna ba shi zagaye 3,000 zuwa 6,000. Ba ya buƙatar ƙarin ruwa, ba ya lalacewa don ya kwana bai cika ba, wanda shi ne ainihin ciwon da ya kashe na farko.

A ra'ayina litiyom na gaskiya ya fi arha in aka duba shekaru, kuma kowanne daga cikin biyun ya fi janareta sauƙi muddin rana ce ke cika shi. Sai dai akwai sharuɗɗa biyu da na nanata wa Malam. Kasuwa ta cika da akwatuna masu kyan fenti waɗanda tsofaffin ƙwayoyi ne a ciki, don haka ba a sayen litiyom sai wurin wanda zai ba da garanti a rubuce kuma ana iya samunsa a shagonsa baɗi. Na biyu, tsohuwar inbatarsa da kwanturolarsa ba su da saitin cajin litiyom, sayensa yana nufin canza su duka. Wani mai shago ya ba shi shawarar ya canza batir ɗaya kawai, wanda ya mutu. Na hana shi, domin batir biyu da aka jera wuta ɗaya ke ratsa su, tsohon zai ja sabon ƙasa cikin 'yan watanni.

Tambayar da ta fi amfani a gidan ba wane batir ba ce, nawa ne daga cikin kayan gidan dole sai da dare za su yi aiki. A nan aka ɗan yi ja-in-ja. Malam yana ganin firiza ce ke cinye wutar, Hajiya ta ce fankokinsa ne, kuma lissafi ya goyi bayanta, don fanka uku sun kusa ninka firiza. Amma firizar ce ta fi sauƙin cirewa daga dare. Firiza mai murfi a sama, in tana cike da ƙanƙara kuma ba a buɗe ta, tana riƙe sanyinta har gari ya waye da sauran rara. Wutar da aka sha kai tsaye da rana ba ta bi ta batir ba, ba ta rage masa kwana, ba a kuma yi asarar kusan kashi ɗaya cikin biyar da batirin ruwa ke ci tsakanin shiga da fita. Na ce mata, "Hajiya, ki riƙa zuba sabon ruwa da safe in rana ta ɗaga, ba da yamma bayan an gama ciniki ba. Da magariba a kashe ta, a rufa mata bargo, kada yara su buɗe." Ta ce, "To Injiniya, ai ruwan safe ba zai yi ƙanƙara kafin la'asar ba." Gaskiyarta ne. Firiza mai wat 150 a awa goma ba ta daskarar da fiye da lita goma sha wani abu. Dole ta raba kayan gida biyu, na jiya a ƙasa suna ƙarasa daskarewa, na yau a sama, kuma abin da take fitarwa a rana ya ragu in babu NEPA. Ta karɓi hakan ne saboda lokacin da ƙanƙara ta fi tsada a azumi, wato gab da shan ruwa, ya zo daidai da ƙarshen aikin rana.

Abin da aka yi

Kuɗin da ke hannu ba zai kai ga litiyom da sabuwar inbata ba, kuma na ba su shawarar kada su ci bashi don batir alhali rufin bai gyaru ba. An fara da sama. An kwance fanel ɗin an mayar da su ɓangaren kudu a kan ƙarfe mai rata kamar tafin hannu daga kwano, nesa da inuwar tanki, da ɗan karkata don ƙura da ruwa su riƙa gangarewa. An saka mahaɗai na gaskiya da waya mai kauri ta sola, da abin katse wuta tsakanin fanel da kwanturola da kuma fis a bakin batir, waɗanda da babu su ko ɗaya. An cire PWM an saka MPPT. Bambancinsu shi ne PWM tana janyo ƙarfin fanel ƙasa zuwa na batir ta bar ragowar ya tafi a banza, ita kuwa MPPT tana juya wannan ragowar ya zama ƙarin caji. Hajiya ta ɗauki kuɗin ƙarin fanel biyu daga adashinta, tunda firizarta ce za ta fi morar su, aka kuma saita kwanturola don kada cajin ya fi ƙarfin batiran.

Fankokin sama an bar su don rana da lokacin NEPA, aka sayi na tsaye masu cin wajen wat 30 don dare. Da wannan da cire firiza, abin da gidan ke sha daga magariba zuwa safe ya sauko zuwa wajen yunit 2.2, ƙasa da rabin batir. Sai a lokacin aka sayi batiran ruwa biyu sabbi, aka fitar da su daga sito zuwa baranda mai inuwa da iska, a kan katako, cikin kejin ƙarfe saboda yara. An ɗaga saitin inbata yadda za ta kashe kanta tun batir bai yi nisa ba. Dutsen guga da hita an haramta musu soket ɗin sola da dare. Babban ɗan gidan aka ba aikin wanke fanel duk mako a hunturu, da sassafe kafin gilashi ya yi zafi, da duba ruwan batir duk wata, da rubuta abin da kwanturola ta nuna da azahar a wani ɗan littafi da aka rataye a gefenta. Da a ce akwai wannan littafin tun farko, da an gane ranar da fanel na uku ya daina aiki.

Azumin 2025 ya kama a farkon Maris, kuma sun yi shi fanka na kai su sahur. Abin da bai warware ba shi ne damina. A Yuli da Agusta hadari kan rufe Gombe kwana biyu ko uku a jere, fanel shida ma ba za su cika batir su riƙe firiza a irin waɗannan ranakun ba. Yarjejeniyar da muka yi da Malam ita ce kada a sayar da janareta. In aka yi kwana biyu batir bai cika ba kuma babu NEPA, a kashe firiza ko a tayar da janareta na 'yan awanni da safe don caji kawai, rana ta ƙarasa sauran. Hajiya kuma ta fara ware wani abu daga cinikin ƙanƙara duk mako, don in waɗannan batiran sun gama nasu a koma litiyom da inbatar da ta dace da shi ba tare da bashi ba.